Baiko Ba Aure Ba Ne: Magana Kan Hotunan Kafin Fatiha Da Hotunan Ciki



Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya lulluɓe mu da suturarSa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Ya ɗan'uwa mai karatu, ya ƴar'uwa, rubutun yau yana da tsawo, kuma na san akwai waɗanda ba zai yi musu daɗi ba. Ku daure ku kai ƙarshensa kafin ku yanke mini hukunci.

Kwanakin baya, bayan sallar isha'i, wani dattijo daga cikin mutanen sahun farko ya zauna har masallaci ya watse. Ya matso kusa da ni, ya miƙo mini wayarsa bai ce uffan ba. Hoton ɗiyarsa ne. Ta sha kwalliya, ta kwantar da kanta a ƙirjin wani saurayi, hannunsa a ƙugunta, su biyun cikin shadda iri ɗaya. Na san saurayin, domin ni aka faɗa wa ranar da zan ɗaura musu aure. Ba a ɗaura ba. Saura kwana 12 magana ta lalace tsakanin gidajen biyu. An mayar da lefe, an mayar da kuɗi har dalar ƙarshe, hoton ne kaɗai ba wanda ya san ƙofar da za a je a karɓo shi. Yanzu wani mutumin kirki ya fito neman yarinyar, magana ta yi nisa, sai wata gwaggonsa ta turo masa hoton nan ba ta ƙara ko kalma ɗaya ba. Dattijon ya ce da ni: "Liman, wallahi da kuɗina aka ɗauke shi. Jikka 40 na ba ta, ta ce mini na katin gayyata ne."

Da izininsa nake ba da labarin, kuma na sauya abin da zai sa a gane gidan. Shi ya ce in faɗa, ko wani uban zai tambaya kafin ya miƙa kuɗi.

Kada wani ya tashi daga nan ya ce liman ya haramta hoto. Malamai sun yi saɓani a kansa tun da daɗewa. A mazhabarmu ta Malikiyya, abin da aka haramta kai tsaye shi ne sassaƙa cikakkiyar surar mai rai wadda take da inuwa, irin gunki. Surar da ke shimfiɗe kan takarda ko tufa ba su kai ta ga haram ba. Da na'urar ɗaukar hoto ta bayyana, Shehu Muhammad Bakhit al-Muɗi'i, muftin Masar wanda ya rasu a 1935, ya rubuta risala yana halatta hoton, yana ganin tsare inuwa ne kawai, kamar abin da madubi ke nuna maka. Shehu Ibn Baz kuwa ya tsananta, bai yarda ba sai da larura. Ni kaina hotona yana jikin katina na ɗan ƙasa, yana jikin fasfon da na yi aikin Hajji da shi. Amma ko waɗanda suka sauƙaƙa sun tsaya kan abu guda: hukuncin hoto yana bin abin da aka ɗauka da abin da za a yi da shi. To a nan ne rigimata take.

Mu dubi yadda ake shirya wannan abu da ake kira hoton kafin aure. Ana sa rana kamar ta biki. A kai wa tela kaya kala biyu ko uku, a kama mai kwalliya tun da safe, a biya mai hoto rabin kuɗinsa tun kafin ranar. Sai a zaɓi wuri: mutanen Yamai su nufi bakin kogi ko tudun rairayi da la'asar, na Maraɗi su yi hayar mota zuwa tafkin Madarunfa, na Damagaram su hau duwatsu, wasu kuma su kulle kansu cikin ɗakin hoto mai fitilu. Daga nan sai umarni ya koma hannun mai hoto. Matso. Riƙe hannunta. Ɗora haɓarka a kafaɗarta. Kalle shi cikin ido. Ki yi kamar kina jin kunya. Wannan ta ƙarshen ita ta fi ci mini rai: kunyar da ake umartar mutum ya yi don a ɗauka.

Ina tambayar ki, ya ɗiyata: da wane suna yake riƙe da ke? Za ki ce an yi mana baiko, an sa rana, iyaye sun sani. To ki buɗe Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ƙannenki ke karantawa a zaure, ki duba babin aure. Waliyyi, da sadaki, da shaidu biyu adalai. Waɗannan da siga su ne ke mayar da baƙo miji. Kuɗin gaisuwa ba ya cikinsu, goron sa rana ba ya cikinsu, akwatunan lefe ko guda nawa ne ba sa cikinsu. A Suratul Baƙara aya ta 235, inda ake maganar matan da ke cikin idda, Alƙur'ani ya ambaci neman aure daban, ya ambaci ƙulla igiyarsa daban. Ki auna da kanki. In ya mutu yau da dare, ba ki da gado, ba ki da takaba. In ya ga wata gobe ya fasa, ba ya buƙatar ya sake ki, tafiyarsa kawai zai yi. Mutumin da zai iya barin ki ba tare da saki ba, ta wace hanya ya sami damar rungumar ki?

Shari'a ba ta hana shi ganin ki ba. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci Mugira ɗan Shu'uba ya dubi matar da yake nema, ya kuma bayyana cewa hakan ya fi sa zama ya ɗore. Shehu Halil a Muhtasar ya iyakance dubin ga fuska da tafukan hannu, da saninta. Wannan rangwame ne ga mutum ɗaya, don manufa ɗaya. Ba a ba mai hoto ba, ba a ba yaronsa mai riƙe fitila ba, balle samarin da ke shan shayi a fada suna miƙa wa juna waya. Taɓawa kuwa, Nana A'isha ta shaida cewa hannun Annabi bai taɓa hannun macen da ba tasa ba ko a wurin mubaya'a. Keɓewa da ita a mota zuwa wurin hoto da dawowa bayan magariba, hadisin da ya hana shi yana cikin Buhari da Muslim, kuma ba ya da togaciyar wanda aka sa wa rana.

Na san amsoshin, don na sha jin su. Wani ya ce: ai Annabi ya ce a bayyana aure. Gaskiya ne, aure ya ce. Kuma ya nuna yadda ake bayyana shi: ya ce wa Abdurrahman ɗan Aufu ya yi walima ko da da tunkiya guda ce. A tara mutane su ci, su shaida, su yi addu'a. Abin da ba a ɗaura ba, me za a bayyana? Wani ya ce: niyyarmu tsarkakakkiya ce. Niyya tana gyara halal ta mai da shi ibada, ba ta wanke haram. Wani kuma, wanda ya fi su wayo, ya ce: to mu sai bayan fatiha muka ɗauka. Kai ka tsira daga rabin maganar. Matarka ce ko ba ta tare ba, ka riƙe ta yadda ka so. Sauran rabin yana nan: wa ya tsaya gabanku yana ɗauka, kuma wa ka nuna wa? Akwai hadisi a Buhari daga Ibn Mas'ud da ya hana mace ta siffanta wa mijinta wata mace har ya zama kamar yana ganin ta. Siffantawa da baki ke nan. Ina ga hoton da aka goge, aka ƙara masa haske, aka sa a sitatu na WhatsApp don duk mai lambarka ya buɗe ya faɗaɗa da yatsa biyu?

Kuma ku sani, ba kwafi ɗaya ba ne. Yana cikin na'urar mai hoto, yana cikin kwamfutarsa inda zai kwana yana gyara fuska da wuya, kuma mafi kyawu daga ciki shi ne zai ɗora a shafinsa na Facebook ko TikTok don jawo masu zuwa. Ke kika biya, ke kuma kika zama talla. Muna da dokar laifukan intanet a ƙasar nan tun 2019, amma ko an kai wanda ya yaɗa gaban alƙali, ba alƙalin da zai bi wayoyin mutane ɗaya bayan ɗaya yana gogewa. In abin ya ɓaci kuma, mu faɗi gaskiya, ba kan saurayi yake faɗawa ba. Shi cikin wata biyu zai yi sabon ɗinki ya tsaya da wata. Wannan rashin adalci ne na al'ummarmu, zunubin ɗaya ne a wurin Allah, amma a bakin mutane yarinya ce ke ɗauka. Duk namijin da ya san haka ya kuma ja ta zuwa gaban kamara, ya sake duba abin da yake kira so.

Yanzu in zo kan wanda ya fi sabunta, ya kuma fi ba ni tsoro: hoton sanar da ciki.

Ku da kuka kai shekaruna kun san yadda iyayenmu mata suke. Mace tana ɗauke da cikin fari, ko uwarta ba za ta buɗe baki ta faɗa wa ba. Tsofaffi ne ke ganewa daga tafiyarta da abin da take ƙi a kwano. In ya tsufa a mai da ita gida goyon ciki, ta haihu gaban uwarta, ta yi wankan jego, duniya ba ta ji ba sai an raba goron suna. Yau kuwa ana ɗinka riga ta musamman mai kama jiki don cikin ya fito, miji ya durƙusa ya sumbace shi, a riƙe takardar ekografi ana nuna wa kamara, a rubuta watan da ake jira. Wani ɗalibina da ya yi boko ya nuna mini inda abin ya yi suna: a 1991 wata ƴar fim ta Amurka, Demi Moore, ta fito a bangon mujallar Vanity Fair da tsohon ciki ba tufafi. Ko a can sai da aka yi cece-kuce, wasu shaguna suka ƙi sayar da mujallar. Abin da ya girgiza Amurkawa shi ne yau muke sa wa ɗankwali muna cewa ya musulunta.

Ka buɗe Suratul A'araf aya ta 189. Allah Ya ba da labarin miji da mata: ciki ya fara da sauƙi tana yawo da shi, da ya yi nauyi sai su biyun suka juya ga Ubangijinsu suna roƙon Ya ba su lafiyayyen ɗa. Ga abin da ma'aurata ke yi da nauyin ciki a cikin Alƙur'ani. Suratur Ra'ad aya ta 8 ta ce Allah ne Ya san abin da kowace mace ke ɗauke da shi, da abin da mahaifa ke ragewa da abin da take ƙarawa. Mai ciki tana tsakanin fata da tsoro har ranar da za ta sauka, kuma mu da muke sallar gawa mun fi kowa sani. Na sallaci matan da suka tafi wurin haihuwa, na kuma raka ƴan jarirai maƙabarta a hannu cikin ɗan ƙyalle. Na san wata da ta sanar da cikinta da hotuna, Allah Ya karɓi abinSa a wata na 6, kuma har bayan makonni mutanen nesa suna turo mata saƙo: an sauka? Me aka samu? Kowane saƙo sabon ta'aziyya ne da za ta yi wa kanta. Da ta ɓoye, da mutum biyar za ta yi wa bayani.

Sannan ga ido. Annabi ya tabbatar da cewa kambun baka gaskiya ne. A Muwaɗɗa ta Imamu Malik akwai labarin Sahlu ɗan Hunaifu: yana wanka Amiru ɗan Rabi'a ya gan shi, ya yaba kyawun fatarsa bai sa albarka ba, nan take Sahlu ya faɗi. Mutum ɗaya ne ya kalla, kuma sahabi ne, ba maƙiyi ba. Annabi Yaƙubu ya hana Yusufu faɗa wa ƴan'uwansa mafarkinsa, daga baya ya ce wa ƴaƴansa su shiga gari ta ƙofofi daban-daban, kuma da yawan masu tafsiri sun ce ido ya ji musu tsoro. Kai kuma ka jera ni'imarka gaban mutum ɗari biyar. A cikinsu akwai ƙanwarka da ta shekara 9 a ɗaki ba ta taɓa ɓatan wata ba. Akwai abokiyar zaman matarka. Ko ba su yi hassada ba, wace bukata ce ta sa ka taɓa musu miki?

Amma kada a fahimce ni a karkace. Ba kowane ɓari ne ido ba, kuma ba na son in bar ku da waswasi kuna zargin maƙwabta. Zazzaɓin cizon sauro da ƙarancin jini da hawan jini suna zubar da ciki suna kashe mata a garuruwanmu, ba tare da kowa ya kalle su ba. Kuma tsohuwar kunyarmu ma tana da laifinta: kunyar da ke hana yarinya zuwa awon ciki har sai ta faɗi, wannan ba ta cikin addini. A ɓoye wa kasuwa, a bayyana wa ungozoma da likita. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2016 ta ce mai ciki ta ga ma'aikatan lafiya sau 8 aƙalla kafin haihuwa. A wurin awo ne ake ba da ƙwayoyin ƙarin jini da na rigakafin zazzaɓi. Ya kai maigida, kuɗin rigar hoto da na mai kwalliya da na mai ɗauka, ka ajiye su. Dare na zuwa da za a ce a nemo mota, ko a nemo jini, ko za a yi aiki. Na ga wanda ya yi hoton ciki da kuɗin adashin matarsa, ranar haihuwa yana tsaye ƙofar masallaci muna haɗa masa.

Hoton iyali ba zan daɗe a kansa ba, don shi ne mafi sauƙi. Mutum da matarsa da ƴaƴansa ranar salla, cikin sutura, wani na gida ya ɗauka, a ajiye a gida: wanda ya bi malaman da suka halatta, ba ni da abin ce masa. Abu biyu kawai nake gani ana sakaci da su. Na farko, cakuɗa matar wa da ƙanin miji kafaɗa da kafaɗa wai ai duk gida ɗaya ne, alhali Annabi da aka tambaye shi game da ɗan'uwan miji ya kamanta shi da mutuwa. Na biyu, mai mata biyu da zai kwashi amarya da ƴaƴanta zuwa ɗakin hoto, ya rataye a falo, uwargida da nata suna wucewa suna gani. Yaro ba ya mantawa da hoton da ba ya ciki. Baban Nu'umanu ɗan Bashir kyauta ya yi wa ɗa guda, Annabi ya ƙi zama shaida.

Ya ku iyaye maza, laifin nan namu ne kafin ya zama na yara. Yarinya ta fita tun hantsi da jakar kaya, ta dawo bayan isha'i da fuskar da ba ka gane ba, ba ka tambaya ba. Wasu iyaye mata kuwa su ne ke matsawa: ɗiyar wance an yi mata, tawa ba za ta fita ba hoto ba. Haka kowace sabuwar al'ada ke shigowa, yau ado, gobe wajibi, jibi saurayin da ba ya da kuɗinta ya haƙura da auren. Tun zamanin Seyni Kountché hukuma ke ƙoƙarin rage tsadar aure a ƙasar nan, mu kuma kowace shekara muna ƙirƙiro sabon kashi. Mu malamai ma ba mu fita ba. Katin gayyata yana zuwa hannunmu da hoton ango rungume da amarya, mu karanta lokaci, mu sa a aljihu, mu je mu shafa fatiha mu karɓi goro. Ni ma na yi haka ba sau ɗaya ba, ina neman gafarar Allah.

Ku kuma masu sana'ar hoto, ban zo in kashe muku kasuwa ba. Da yawanku ɗalibaina ne, kuma na san da ita kuke ciyar da iyayenku. Wani daga cikinku ya tambaye ni: in na ƙi, na gaba zai karɓa, me na rage? Ka rage nauyin da ke wuyanka, domin bakinka ne ke cewa matso, riƙe ta. Hoton takardu, da na makarantu, da na ƴan kasuwa masu tallar kaya, da taron maza a ɗaurin aure da suna, duk suna nan. Taron mata kuwa a koya wa mata su ɗauka, wannan ma ƙofar arziki ce ga ƴan'uwanmu mata. Kuma hoton mutane amana ne a hannunka: kada ka ɗora a shafinka, ka goge bayan ka miƙa.

Wanda ya riga ya yi, ya cire abin da hannunsa ke iya kaiwa, ya je wurin mai hoton da kansa ya roƙe shi ya goge a gabansa, ya tuba, kada ya tsaya yana ba da labari. Wanda irin hoton nan na ɗiyar wani ya faɗo wayarsa, ya tsaya a kansa, kada ya tura ko da sunan nasiha. Gwaggon nan da ta tura, ita ma tana da tambayar da za ta amsa.

Daga wannan Juma'a, duk wanda ya zo sa ni ɗaurin aure zan roƙe shi tun ranar sa rana ya kawo mini ango da waliyyin amarya mu zauna minti 10 kan wannan magana. Shi kuwa dattijon, jibi in sha Allahu zan raka shi gidan mutanen da ke neman ɗiyarsa. Ban san abin da za su ce ba. Ku sa yarinyar cikin addu'a.

Allah ne Mafi sani. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.